Kaya da Tarkace: Me Za A Ajiye, Me Za A Zubar?



Sa'ad da aka liƙa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ashe nahawu da adabi duk sun ƙare, sai shara ta rage?" Na ce masa ya zo ya ji. Ga shi can kuwa na hango shi a layi na uku, saboda haka sai in yi hattara da bakina.

Bari in fara da abin da na fi sani, watau kalma. Bahaushe yana da kalma guda, kaya, wadda ya ɗora wa aiki biyu. Abin da mutum ya mallaka kaya ne: kayan sawa, kayan ɗaki, kayan aiki, kayan ado. Abin da ya aza a kansa bisa gammo har wuyansa ya sage, shi ma kaya ne. Ba na zaton wannan haɗuwa ta banza ce. Mutanen da suka yi ƙarnuka suna fatauci, suna kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja su sayo goro, tafiyar watanni, sun san duk abin da ka ce naka ne, to, kai za ka ɗauka, ko kuwa dabbarka. Falke ba ya ɗaura abin da bai san amfaninsa ba, don jaki ba ya jin "ai wata rana zai yi amfani". Bafillatani mai tashi da shanu ma haka: gidansa duka a bayan takarkari yake tafiya.

A ɗaya gefen kuma muna da kalmomi na raini: tarkace, komatsai, shirgi, karikitai, tsummokara. Ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya ce a ba shi tarkace na naira dubu. Kaya yake sayowa, a gida ne suke rikiɗa. Tarkace dai kaya ne da ya rasa aikinsa amma bai rasa wurin kwana ba. Tambayar da na kawo muku yau ita ce: da wane ma'auni za a gane wanda ya rikiɗa da wanda bai rikiɗa ba? Abin da na gani, kuma ni kaina na taɓa aikatawa, shi ne mukan juya ma'aunin a baibai. Mu rungume abin da ya mutu, mu zubar da abin da ba shi da na biyu.

An ce ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, amma a dubi zamanin da aka yi maganar. Mutanen da suka ga yunwar 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, ko jikokinsu da suka ga farin 1973, ba za a koya musu darajar rumbu ba. Sai dai gidan wancan zamani shi yake share kansa da kansa. Ƙwarya in ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, in ta sake tsagewa ta zama sakaina. Tabarma ta mutu a kai juji. Tukunya ta fashe, katangarta ta zama abin ɗibar wuta. Jujin ma ba ya daɗewa, don da rani masu jakuna za su zo su kwashe shi su kai gonakin da ke kewaye da birni ya zama taki, ya dawo mana da dawa da gero. Kayan gida daga ƙasa suka fito, ƙasa kuma suke komawa, ba wanda ya zauna ya yi dogon tunani a kan me zai zubar.

Karin maganar yana nan, kayan ne suka sake. Roba ba ta ruɓewa, talabijin ba ya zama taki. Duk wanda ke cikin wannan zaure ya rufe ido ya shiga siton gidansu, ko garejin da mota ta daina kwana a ciki. Ga rediyo mai kaset, ga bidiyo, ga talabijin mai ƙeya wanda aka ce za a kai wa mai gyara tun yaran suna firamare. Ga janareta biyu, an ciro kayan ɗaya an sa wa ɗayan, duka biyun kuma ba sa tashi. Ga cajar waya guda goma na wayoyin da aka daina yi. Ga jakunkunan taron ƙara wa juna sani, kowace da sunan ma'aikatar da ta shirya. Ga kofuna da robobin biki ɗauke da sunayen amare waɗanda 'ya'yansu ma sun yi aure. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana jiran wata rana, ranar kuwa ba ta zo ba, sai ɓera da kyankyaso suka riga ta.

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasashen da kaya suka fi yawa, gidaje kuma suka fi ƙunci, har sana'a aka yi da ita. Wata 'yar Japan mai suna Marie Kondo ta rubuta littafi a kan kimtsa gida, aka fassara shi da Turanci a 2014, ya bazu a duniya, a 2019 kuma aka yi mata shiri a Netflix. Dabararta ita ce mutum ya tara kayansa iri-iri, tufafi daban, littattafai daban, ya ɗauki kowane abu a hannu ya saurari zuciyarsa. In ta yi fari ya ajiye, in ba ta yi ba ya sallame shi. Lokacin da nake karatu a Turai na ga abokan zama suna yin haka, ni ma kuma da na tashi dawowa aka ce jaka biyu zan shiga jirgi da su, kowace kilo 23. A daren nan na gane hikimar falke. Na bar rigunan sanyi da tukwane da fitilar karatu, na cika jaka guda da takardun bincikena, ban kuwa taɓa yin da-na-sani ba.

Ba na raina dabarar wannan mata, don tana da abu guda mai kyau ƙwarai: sai ka ga kayanka duka a tsibi guda kake sanin yawansu. Amma in an kawo ta gidan Bahaushe yadda take, za ta yi ɓarna ta fuska biyu. Ta ɗauka kayan da ke cikin gida na mutum ɗaya ne, shi ke da ikon yanke musu hukunci. Ta kuma ɗauka takarda ba abin damuwa ba ce sosai, don a can in taka ta ɓata, akwai ofishin da zai fito maka da wata cikin ɗan lokaci. Mu kuwa kowa ya san yadda ake neman fayil.

Mu ɗauki ta farko. Gidanmu ba na mutum ɗaya ba ne, kuma mafi yawan abin da ido ke gani a cikinsa ba na maigida ba ne. Kayan ɗaki na mace ne. Iyayenta suka yi mata, uwarta ta yi shekaru tana adashi tana saye ɗaya-ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado tun yarinyar ba ta san za a yi ba. A zamanin kakanninmu jere na ƙore ne, da akussa, da tasoshin tagulla irin na Bida ga mai hali. Daga baya kwanon sha da langa da kumbo da fanteka masu fenti suka shigo daga ƙasashen waje, har aka kafa masana'antun yin su a nan ƙasar. Na buɗe ido na ga ɗakin kakata da jeren kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba a taɓa cin tuwo a ko ɗaya ba. Bayan su sai kabad da tangaran, yanzu kuma kujeru da firji da na'urorin girki.

Ɗan boko yakan shiga irin wannan ɗaki ya ce ɓarnar kuɗi ce da tsushe wuri. Bai fahimta ba. Jeren nan bankin mace ne. Ran da ciwo ya kama ɗa, miji ba ya nan ko ba shi da shi, sai ta sauke langa biyu ta ba dillaliya. Ran da 'yarta ta tashi aure, daga nan za a fara. Ran da zama ya ƙi, Allah ya kiyaye, da kayanta za ta fita, ba mai hana ta, don shari'a ma ta san nata ne. Saboda haka maigidan da ya ji wannan lacca ya koma gida da zafinsa ya fara nuna kwanukan matarsa da yatsa, kada ya ce ni na aike shi. Ya fara da garejinsa. In kuwa matan ne da kansu suka ga robar da ake jerawa yanzu ba ta riƙe daraja kamar yadda tasa ta riƙe, har suka gwammace su mai da kuɗin zinariya ko tunkiya ko fili, wannan shawara ce tasu, kuma ina ganin da yawa sun riga mu gane haka.

Akwai kuma abin da ke gidanka amma ba naka ba ne, ba na matarka ba: akwatin ɗan'uwa da ya tafi ci-rani, keken ɗinkin marayu, littafin da ka ara shekara goma. Wannan amana ce, ba ta shiga lissafin shara. A mayar wa mai ita, shi ne an rage kaya an kuma sauke nauyi.

Yanzu ga ta biyu, wadda saboda ita na karɓi wannan gayyata. Ina ɗan sakandare wani kakanmu ya rasu, malami ne na zaure, ba sananne ba. Bayan an yi sadakar arba'in aka tashi gyara soronsa don a sa wani yaro da zai yi aure. Aka raba riguna da rawuna da buzu. Agogon bango da rediyo har sai da aka ɗan yi ja-in-ja a kansu. Sai aka jawo wani akwatin ƙarfe daga lungu, cike da takardu warwatse, rubutun hannu, waɗansu gara ta ci gefensu. Aka fid da Alƙur'ani da littattafan da aka gane, bugun Misira da na Kano. Sauran kuwa wani babba ya ce akwai sunan Allah a ciki, bai kamata a bari yara su tattaka ba, a ƙone. Ni aka aika na sayo kananzir. Na tuna na ɗauki wata takarda na ga ajami ne, Hausa ce, baiti-baiti, na karanta layi biyu da ƙyar na jefa cikin wutar. Yau aikina ke nan, neman irin waɗannan takardu gari-gari, ina roƙon mutane su bar ni in ɗauki hotonsu. Ban san waƙar wa na ƙona ba. Rediyon da aka yi rigima a kansa kuwa bai shekara ba ya mutu.

Ku lura, ba mugunta ce ta ƙone takardun nan ba, ladabi ne. Shi ya sa abin ya fi ban tsoro, don mai ladabi ba ya jin ya yi laifi.

Ku kwatanta da abin da ya faru a wani gidan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Abin da ya sa yau ɗalibanmu suke karanta ta, ake rubuta digiri a kanta har a Amurka, shi ne zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun adana takardunta fiye da shekara ɗari, hannu zuwa hannu, har suka iso ga Waziri Junaidu. Shi ya ba Jean Boyd dama ta yi aiki a kansu, ita da Beverly Mack suka fitar da tarin ayyukan a 1997. A cikin shekarun nan duka an yi yaƙin Turawa a 1903, an yi yunwa, an yi damuna fiye da ɗari, an gyara ɗakuna ba iyaka. A kowane gyara akwai wanda ya dubi tsofaffin takardun nan ya ce a bar su. Haka mutanen Timbuktu suka yi a 2012 da 'yan bindiga suka kama garin: suka zuba littattafan kakanninsu cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale, suka kai Bamako a ɓoye. Waɗanda aka bari a cibiyar Ahmad Baba, an ƙone kimanin dubu huɗu daga ciki a Janairun 2013.

Ma'aunin da nake ba da shawara a kansa ke nan, kuma ba ya bukatar digiri. Ka ɗauki abu ka tambayi kanka: in wannan ya ɓata yau, gobe zan iya samun wani a kasuwa? In amsar i ce, to, darajarsa kuɗinsa ne kawai. In kana aiki da shi ka ajiye, in ba ka yi ka fitar. In amsar a'a ce, ka dakata, ko da ya yi ƙura, ko da bai faranta maka rai ba. Firji yana da ɗan'uwa a Sabon Gari. Wasiƙar da mahaifinka ya rubuto daga hanyar Makka ba ta da shi. Hoton kakarka guda ɗaya tak ba shi da shi. Kaset ɗin da aka ɗauki muryar wani tsoho yana ba da tarihin unguwarku ba shi da shi, ko da kuwa rediyon da za a saurare shi ya mutu. A zubar da rediyon, a kawo kaset ɗin a juye shi a kwamfuta.

Ga ma'aikata kuma abin ya wuce tarihi, ya shafi tuwo. Yawancinku doka ta ce in kun cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki za ku ajiye. Ran da aka kira ku tantancewar fansho ba za a tambaye ku kujeru nawa ne a falonku ba. Takardar kama aiki ta farko za a nema, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma na ƙarshe, da shaidar haihuwa. Na ga dattijo mai furfura, wanda ya riƙe babban muƙami, yana safa da marwa tsakanin ofisoshi saboda takarda guda da ta salwanta wajen tashi daga gidan gwamnati. Motoci biyu aka yi na kaya ran tashin, har da tukwanen fulawa, amma ambulan ɗin ba wanda ya san inda ya shiga. Haka takardar fili da ta gona, da shaidar ciniki mai sa hannun mai unguwa. Shari'o'in da ke cin zumunci a kotunanmu, da yawansu takarda ce ta ɓata ko gara ta ci.

Wani lokacin ma ba a ba ka damar zaɓe a tsanake. A ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwan Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Mutane suka fita da 'ya'yansu da abin da hannu ya iya ɗauka. A irin wannan sa'a ba a buɗe akwati goma ana neman satifiket. Wanda takardunsa suke wuri ɗaya, cikin jaka ɗaya da kowa a gidan ya san inda take, shi ya fita da su. Kuma tun da an ce gida biyu maganin gobara, yau wayar da ke aljihun kowannenku tana iya ɗaukar hoton takardun nan duka kafin a gama shan shayi, a aika wa ɗan'uwa a wani gari, a kuma ajiye a intanet.

To, abin da aka yanke shawarar fitarwa fa? Nan ba mu da matsala irin ta Turawa, don hanyoyin a buɗe suke tun da. Ga dillaliya, ga 'yan gwanjo, ga 'yan gwangwan da ke zagawa da baro suna sayen mataccen ƙarfe. Ga kuma 'yan'uwa da maƙwabta da almajirai. Roƙona guda ne: a bayar tun abu yana da rai. Babbar rigar da ta shekara biyar a ƙasan akwati, in ka ba da ita bana wani zai je Idi da ita. In ka jira sai asu ya huda ta, ba sadaka ka yi ba, shara ka aika gidan wani.

Kada kuma a bar wa magada aikin. Kowa ya halarci rabon gado ya san yadda yake: bayan an yi wa mamaci sutura, a biya bashi, a fid da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sa'an nan a yi wa kome kuɗi a raba. Masu ƙiyasi sun san kuɗin mota da na katifa. Kundin takardu kuwa ba su da farashin da za su sa masa, saboda haka yakan faɗa hannun wanda ya fi kusa da ashana. In kana da irin wannan, ka faɗa da bakinka tun kana da rai, ka rubuta, ka nuna wanda zai riƙe. In ba mai iya riƙewa a gidan, akwai wuraren da aka kafa don haka: Arewa House a Kaduna, wanda aka buɗe a 1970 a gidan marigayi Sardauna, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da hukumar tarihi mai sunan Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da ɗakunan karatu na jami'o'inmu.

Ɗalibai, ku zan ba aikin hutu. In kun je gida ku tambayi tsofaffi ko akwai gafaka ko akwatin takardu a wani lungu. In kun samu, kada ku yi gaggawar gyarawa. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne, kuma ba su da lambar shafi; marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabata, da ita ake bin sawu. In kuka hautsina su, sai an sha wuya kafin a mai da su. Kada ku liƙa musu salatif, kada ku kai a manne su cikin roba, don zafin injin da gam ɗin suna kashe takarda. Ku kakkaɓe ƙura a hankali, ku sa a akwatin ƙarfe, ku ɗora shi bisa duwatsu nesa da bango da inda rufi ke yoyo. Ku ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana: in kun ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar, to, irin wadda ake yi a Italiya ce, fatake suka ƙetaro Sahara da ita, mai yiwuwa kuwa ta girmi kakanku. Ku ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe, don a ƙarshe ne mai kwafi yakan rubuta sunansa, wani lokaci har da garinsu da shekara. Ku kawo mana sashe mu duba tare.

Shugaba ya nuna mini agogo sau biyu. Abokina na layi na uku kuma na ga ya ɗaga hannu tun ɗazu, sai a fara ba shi dama.